Ajin da Bai Taɓa Kai Ƙarshen Littafi Ba

A makarantarmu ta birnin Detroit akwai wani aji da malaman adabin Turanci ba sa daɗewa a cikinsa. Ni lissafi nake koyarwa a ajin da ke jikin nasu. Bangon da ya raba mu ba shi da kauri, don haka kusan komai a kunnena ake yi.

Malami zai zo da fara'arsa, ya raba sabon littafi. Kafin a kai tsakiya sai ya samu aiki a wata makarantar da ta fi sauƙi, ya kama gabansa. Wani ya zo da nasa littafin, shi ma ya tafi. Haka yaran nan suka san farkon labarai da yawa, amma ba su san ƙarshen ko ɗaya ba.

Har wasa suka mai da abin. Da sabon malami ya shigo, sai su fara canke.

"Wannan ba zai kai lokacin sanyi ba."

"Kai, ka ma yi masa kirki. Dubi takalminsa, ai na gudu ne!"

A ajin akwai wata yarinya mai kaifin baki. Ba zan faɗi sunanta ba. In ta yi dariya, aji ya yi dariya. In ta ɗaure fuska, kowa ya kama kansa. A wurin kakarta take zaune. Mahaifiyarta ta tafi wani gari neman aiki tun tana ƙarama, ta ce za ta dawo in an yi hutu. An yi hutu ba iyaka, ba ta dawo ba.

Wata shekara aka kawo musu Malam Whitfield. Dogo ne siriri, da gilashi mai yawan zamewa a hanci. Ya raba musu wani littafi mai koren bango.

Ya ce, "Ni da ku sai shafin ƙarshe."

Yarinyar ta ce, "Malam, duk haka suke cewa."

Ya gyara gilashinsa ya ce, "To, ki zuba ido ki gani."

Labarin wani yaro ne da babansa ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Kullum da safe yaron yakan je bakin teku ya jira. Akwai wata tsohuwa mai sayar da kifi a wurin, ita ce take matsa masa ya zauna a bencinta.

Duk ranar Juma'a sukan ja kujeru su yi da'ira. Malam yana da wani kofi cike da ƙananan tsinkaye, kowanne da sunan ɗalibi. Wanda aka zaro sunansa shi zai karanta, sai a tattauna. A makarantarmu ba a tafa hannu a cikin aji. In magana ta yi daɗi, yatsu ake ƙyastawa. A hankali na fara jin ƙas-ƙas-ƙas ta bango, na ce a raina, lallai wannan malamin ya kama su.

Ita ma yarinyar littafin ya shiga ranta, ko da yake ba za ta taɓa yarda ta faɗa ba.

Wata Juma'a aka zaro sunanta. Ta fara karatu da ƙarfi yadda ta saba. Sai ta kai wurin da jirgi ya tsaya, yaron yana bin masu saukowa yana tambayarsu ko sun ga babansa. Muryarta ta fara rawa. Ta yi ta maza ta ci gaba. Hawaye ya ɗiga a kan shafin.

Wani yaro mai suna Terrence ya ce, "Jama'a, a kawo bokiti, rufi yana yoyo!"

Aji ya bushe da dariya. Malam ya tsawata musu, amma ya makara. Yarinyar ta rufe littafin, ta goge fuska. Ba Terrence ta ji haushi ba. Malam ta ji haushi, shi da kofinsa da littafinsa.

Ana nan sai aka ji labari cewa shugabar makaranta, Malama Santiago, za ta zo ajin ranar Juma'a ta duba koyarwarsa, tare da wani baƙo daga babban ofis. A makaranta irin tamu aikin malami na shekara ɗaya ne. In an ga ajinsa ba ya tafiya, sai a sallame shi. Yaran sun san haka sarai.

A wurin cin abinci yarinyar ta tara su.

Ta ce, "Ranar Juma'a kada wanda ya buɗe baki."

Wata ƙaramar yarinya, Marisol, ta ce, "In aka zaro sunana fa?"

"Ki haɗiye harshenki. Ba malaman ne suka koya mana tafiya a layi babu magana ba? To, mu nuna musu mun iya."

Marisol ta ce, "Amma ai yana da kirki."

"Da kirkin nasa zai tafi ya bar ki. Gara mu riga shi."

Haka aka tashi a kan shawarar yarinyar.

Juma'a ta zo. Baƙi suka zauna a bayan aji. Ta bango na ji Malam ya yi tambaya, ban ji amsa ba. Ya zaro tsinke ya kira suna. Shiru. Ya zaro wani. Shiru. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, har nawa ɗaliban suka ɗaga kai suna kallon bango.

Ya kira Marisol. Ta sunkuyar da kai.

Ya kira yarinyar. Ta harɗe hannu ta kalli taga.

Daga nan kofin ya kuɓuce masa. Tsinkayen suka watse a ƙasa. Ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taya shi. Da ya gama, ya buɗe littafin ya karanta shi kaɗai har aka buga ƙararrawa. Wallahi ranar na ji tausayinsa ƙwarai.

Ranar Litinin wani malamin wucin gadi suka tarar. Ya raba musu kwamfuta, ya ce kowa ya amsa tambayoyin da ke ciki. An tattara littattafai masu koren bango an zuba a kwali a bayan ƙofa. Shi kuwa Malam Whitfield an mai da shi ɗakin horo, yana tsaron waɗanda suka yi laifi. In zango ya ƙare zai tafi.

Terrence ya ce wa yarinyar, "Ranki ya daɗe, kin ci canke."

Ba ta yi dariya ba.

Juma'a ta sake zagayowa, ba a ja kujeru ba. Sai kawai aka ji Marisol tana kuka a hankali.

Yarinyar ta ce, "Ke kuma mene ne?"

Marisol ta ce, "Ni dai so nake in san ko baban ya dawo."

Maganar ta tsaya wa yarinyar a ƙirji. Ita ma abin da take son sani ke nan.

Da ta koma gida ta tarar Kaka ta yi wake da shinkafa da burodin masara. Ta zauna tana juya cokali.

Kaka ta ce, "Ke, abincina ya yi miki laifi ne?"

"Ba na jin yunwa."

"Ke da yunwa ai ba ku taɓa faɗa ba. Zo nan, 'yar nan. Me kika ɓata?"

Yarinyar ta kwashe komai ta gaya mata. Kaka ta ajiye cokalinta, ta dube ta.

Ta ce, "Kin tuna ranar da aka zaro lambarki a ƙuri'ar shiga makarantar nan? Da ciwon gwiwata na tashi na yi rawa a gaban mutane. Yara nawa suka koma gida suna kuka don ba a zaro tasu ba?"

Yarinyar ta ce, "Kaka, ai ko ba mu yi ba zai tafi. Kowa tafiya yake yi."

"Ya gaya miki zai tafi?"

"A'a."

"To, ji nan. Uwarki ce ta tafi, da ƙafarta. Ni na haife ta, kuma ni ma abin yana ci mini rai har yau. Amma wannan bawan Allah bai tafi ba. Tsayawa ya yi, kika tura shi. Kin ɗauki laifin wata kin ɗora masa."

Yarinyar ta kifa kanta a cinyar Kaka ta yi kuka mai yawa. Kaka ta bar ta ta yi ya ishe ta.

Sannan ta ce, "Bakin da ya hana su magana, shi zai je ya gyara. Yanzu ci abincinki kafin ya huce."

Da aka koma makaranta, yarinyar ta ƙwanƙwasa ƙofar Malama Santiago.

Ta ce, "Malama, ba laifin Malam Whitfield ba ne. Ni na ce kowa ya yi shiru."

Malama Santiago ta cire gilashinta. "Kin san abin da kika jawo masa?"

"Na sani."

"Kin san mutum ne mai iyali?"

Yarinyar ta girgiza kai. Wannan kam ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba.

Malama ta ce, "Za ki yi mako guda a ɗakin horo bayan an tashi. Zan kuma kira kakarki. Zan sake shiga ajin sau ɗaya in gani da idona. Ban yi miki alkawarin komai ba."

Da aka tashi, yarinyar ta shiga ɗakin horo. Ga Malam Whitfield zaune a gaba. Dokar ɗakin ita ce ba a magana. Haka ta zauna tana kallon wuyan rigarsa da ya fara yagewa, bakinta cike da magana, babu halin faɗa. A ranar ta ɗanɗana irin shirun da ta ba shi.

Da lokaci ya cika kowa ya fita, ita ta tsaya.

Ta ce, "Malam, ni ce na sa. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na sani tun ranar."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"So nake ki faɗa da bakinki." Ya gyara gilashinsa. "Ni ma ina da nawa laifin. Na ji muryarki tana rawa, ban tare ki ba. Ki yafe mini."

Sai ta ba shi labarin mahaifiyarta. Bai katse ta ba.

Da ta gama ya ce, "Kukan nan ba abin kunya ba ne. Duk ajin kun karanta shafin, amma ke kika fi kowa gane shi."

Ranar Juma'a aka dawo da Malam Whitfield ajinsa, aka fito da littattafai daga kwali, aka ja kujeru. Malama Santiago ta zauna a baya. Malam ya yi tambaya. Shiru ya sake sauka, amma wannan na kunya ne. Ni kaina na tsayar da darasina ina saurare.

Kafin ya taɓa kofin, yarinyar ta ɗaga hannu.

"Malam, ina so in sake karanta shafin nan."

Ta karanta. Muryarta ta yi rawa a daidai wurin da ta yi a da. Hawaye ya zubo, ba ta ɓoye ba, ta kai har ƙarshen shafin. Babu wanda ya yi dariya.

Can sai Terrence ya ce, "Ni ma nakan tsaya a tashar bas ina kallon masu saukowa." Ya share hanci. "Shi ya sa na yi dariya ranar nan. Don kada ni ma rufina ya yi yoyo."

Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas ta bango. Daga nan hannaye suka tashi, Marisol ma har da gardama. Ranar sai da na buga bango na ce su rage surutu, amma ina yi ina murmushi.

Malam Whitfield bai tafi ba. Sanyi ya zo ya wuce, yana nan da takalminsa na gudu.

Da itatuwa suka fara toho, ajin ya kai shafin ƙarshe. Baban yaron bai dawo ba. Amma a ranar yaron ya juya ya dubi tsohuwar nan mai kifi. Ya gane cewa duk safiyar da ya zo jira, tana nan, ta matsa masa wuri a benci.

Yarinyar ta rufe littafin a hankali. Da aka tashi ba ta tsaya hira ba. Ta ruga gida, ta tarar Kaka a bakin murhu, ta rungume ta ta baya ta ƙi saki.

Kaka ta ce, "Ke, za ki sa in ƙona miya! Me aka yi kuma?"

Ta ce, "Mun gama littafin, Kaka."

Yara, kada ku rama ciwon da wani ya ji muku a kan wanda ya tsaya tare da ku. In kun yi kuskure, ku buɗe baki ku gyara tun da wuri. Kuma ku riƙa juyawa kuna duba wanda bai tafi ba, ku gode masa.