Yatsan Mai-Agogo

Mugunta zan ba ku labarinta, irin wadda ke shigowa gida sanye da rigar so. Ku buɗe kunne, 'yan mata.

"Umma! Ina kwalbar maganina?!"

Auta ce ke zazzage jaka a tsakar ɗaki. Tun tana ƙarama take da farfaɗiya, ƙwayar asibiti ce ke riƙe da ita, ga shi tun shekaranjiya kwalbar ta yi ɓatan dabo. A falo kuwa mahaifiyar Kafinta, saurayinta, ce zaune, matar da ta rantse ɗanta ba zai auri mai faɗuwa ba. Da ƙyar ya lallaɓo ta.

Kwalbar tana aljihun ɗan kawun Auta, mai gyaran agogo, wanda ta ce ba ta so. Nufinsa ta faɗi a gaban tsohuwar, a fasa auren, ta dawo hannunsa.

Kafinta ya leƙo. "Sanyin idona, Mama na jira fa."

"Tsoro nake ji... warin nan nake ji, wanda ke zuwa kafin in faɗi..."

"Ina kusa, zuciyata. Ba inda zan je."

Ta durƙusa gaisuwa ke nan idanunta suka juye. Ta zube, jiki na karkarwa, leɓe ya yi baƙi.

Mai-Agogo, da ke raɓe a bakin ƙofar falon, bai taɓa ganin abin da ya shirya ido da ido ba.

"Wayyo, za ta mutu! Za ta haɗiye harshenta!"

"Kada ka sa mata komai a baki!" in ji Kafinta, yana tura mata filo ƙarƙashin kai. "Ta sha gaya mini! A gefe ake kwantar da ita!"

Ina! Ya bangaje shi, ya cusa yatsa tsakanin haƙoranta.

Ƙas!

Ihunsa har bakin titi. Yana fizge-fizge kwalbar ta faɗo daga aljihunsa, ta gangara har gaban ƙafar tsohuwar. Ta ɗauka, ta dubi Umma.

"Wannan ce ake nema?"

Ido duk ya koma kan Mai-Agogo.

A asibiti Umma na kuka. "Likita, yarinyar da ko kaza ba ta iya yankawa ce ta guntule wa mutum yatsa?"

"Ba ita ba ce, Umma. Kin taɓa tauna tsakuwa a abinci? Kafin ki sani baki ya buɗe da kansa. Jijiyoyin gindin haƙora ne ke sakin muƙamuƙi ba tare da jiran shawararki ba. In ciwon nan ya tashi, wannan mai gadin ba ya aiki. Harshe kuma ba ya haɗiyuwa."

Auta ta farfaɗo, ta ga tsohuwar a kanta, ta rufe fuska.

"Shi ke nan ko, Mama...? Kin gani..."

"Na gani, 'yata. Na ga ɗana bai gudu ba, na kuma ga mai ciwon gaske, ba ke ba ce. Buɗe baki ki sha maganinki."

Kafinta ya juya bango yana share ido.

An yi auren. Shi kuwa Mai-Agogo, ga abin da ya kwasa: gaɓa ɗaya ta manuniyar hannun dama ta tafi, kuma da ita yake riƙe ɗan hantsakin aikinsa, shago ya rufe. Ubansa ya daina amsa gaisuwarsa. Ƙofar gidan Umma ta haramta gare shi. Autar da ya yi domin ta kuwa, har yau ko sunansa ba ta ambata.