Sunan Da Kwamfuta Ba Ta Ji Ba

"Kunna mu ji," in ji Baba.

Na durƙusa a bakin rumfa, na ja mayafina har kan hanci.

Uzairu yana zaune a tabarma, kwamfutarsa a cinya, gumi na bin wuyansa. Ɗalibin digiri na biyu ne. Wata huɗu ke nan da ya zo ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla, yana ɗaukar muryoyin mutane don ya koya wa kwamfuta jin Hausarmu. Ni ma ya ba ni takarda, na karanta masa jimla ɗari biyu a waya.

Sabah, ɗiyar baffana, ita ta kai wa Baba maganar. Tun zuwansa take kai masa shayi, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba.

"Wallahi Baba zancen soyayya take tura mishi," ta ce daga bayana. "Kullum muryarta na kunnenshi."

"In na ji kalma guda ta rashin kunya," Baba ya ce, "ka bar garin ga yau, ya ustaz. Ke kuma ba ki ƙara ganin shi."

Ban faɗi kalmar banza ba. Abin da na ƙi faɗa ne yake kashe ni. Cikin jimlolin akwai sunayen mutane, har da nasa. Duk inda na iso sunansa, bakina ya ƙi... A wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Ni ban aure shi ba, amma harshena ya riga ni. Da zarar Baba ya ji, zai gane.

Muryata ta fito daga kwamfutar, siririya.

"Almu ya tafi gona. Alamin ya buɗe ruwa. ...ya sayi buhun dawa."

Baba ya ɗaga gira.

"Saifuddeen yana kasuwa. ...ya dawo daga Hasahisa."

Na runtse ido.

"Mi ne ne wanga tsallake?" Baba ya tambaya.

"Ita ce mushkilar, ya Hajj," Uzairu ya ce da Hausarsa mai kwana-kwana, don a birni ya tashi, Larabci ya fi zama a bakinsa. "Muryar Ramla ta fi ta kowa fita, da ita kwamfutar ta fi koyo. Amma sunana ya ɓace sau goma sha bakwai. Wata biyu ina bincike. Na canza waya, na sake lissafi. Malamina ya ce in ban gano kuskuren ba, ba zan gabatar da aikina ba. Shi ya sa nake ta sauraro."

"Sunan Almu ya fito?"

"Ya fito."

"Na Alamin?"

"Duka sun fito. Nawa kaɗai ne babu."

Ina jin kukan kaji a bayan gida. Na jira tsawa, hawaye na sauka cikin mayafina.

"Ramla."

"Na'am, Baba..."

"Wa ya sayi buhun dawa?"

Leɓɓana suka motsa. Babu abin da ya fito.

"Faɗi mana," in ji Sabah. "Uzairu. Ga shi ni na faɗa, ban mutu ba."

"Ke kam kina iyawa," Baba ya ce. "Tashi ki ba mu wuri."

Ta fice tana jan takalmi.

Baba ya daɗe yana shafa gemunsa. Sannan ya dubi Uzairu.

"Kwamfutarka lafiyarta lau, ɗana. Kai ne ba ka jin Hausa. Je ka tambayi kakarka sunan wa mace ba ta kira."

Na ga lokacin da ya gane. Hannunsa ya tsaya a kan allon. Ya juyo a hankali.

"Ramla... habibti... da gaske?"

"A gabana?" Baba ya ce. "Gama karatunka tukuna. Sannan ka turo baffanninka."

"To kuskuren fa, ya Hajj? Yaya zan gyara shi?"

Baba ya miƙe, ya zura takalmansa.

"Wanga ba ya gyaruwa. Bayan ɗaurin aure ma sai ya ƙaru."