Filin da Ya Bari a Damanta

Ranar Asabar ɗin da Auta ta fara ganinsa, ba da son ranta ta fito ba. Yayanta ne ya matsa, wai shekara biyu kenan da rasuwar mijinta ta kulle kanta a ɗaki, ko don 'yarta Shalele ai ta fito a sha iska. Haka aka cika mota biyu, iyalin Yaya da na amininsa Injiniya, yara shida da kwandon abinci, aka nufi wurin shaƙatawa mai lilo da tafkin agwagi.

Injiniya ya zo da ƙaninsa mai ɗaukar hoton biki, dogo, kyamara rataye a wuya. Kowa Mai Hoto yake ce masa. Auta ta kalle shi sau ɗaya ta ci gaba da ɓare wa yara ayaba. Shi kuwa ya kalle ta ya fi sau goma, matar Yaya ce ta ƙirga.

Bayan an ci an sha, Mai Hoto ya tafa hannu yadda ya saba a wajen biki. "To, gida-gida za a yi. Kowane maigida ya tsaya da iyalinsa."

Aka ɗauki Yaya da nasa, aka ɗauki Injiniya da nasa. Da ya zo kan Auta da Shalele, ya gyara musu tsayuwa, ya bar fili a damanta, ya juya yana dube-dube.

"Ina maigidan? A kira shi mana, rana za ta juya."

Injiniya ya dafe kai, don shi ne ya manta bai faɗa masa ba. Shalele ce, 'yar shekara huɗu, ta amsa. "Abbana ya rasu."

Mai Hoto ya sauke kyamarar, bai ƙara ɗaga ta ba har aka tashi.

Washegari da safe saƙo ya shigo wayar Auta:

"Assalamu alaikum. Ni ne sakaran jiya. Na fama miki ciwo a gaban 'yarki, na rasa inda zan sa kaina. Don Allah ki yafe min. Allah Ya ji ƙansa."

Sai da ta kwana biyu ta amsa: "Babu komai, ba ka sani ba ne. Amin, na gode."

Daga nan fita ta zama ta kowane ƙarshen mako. Abin mamaki, mutumin da Asabar ce ranar aikinsa, sai ga shi kullum a bakin lilo yana tura Shalele, wai bukukuwa sun yi ƙaranci. Babu wanda ya yarda, babu kuma wanda ya tona shi. A hankali Auta ta koma dariya, har ta saba da saƙonsa na safe: "Autata, kin karya kuwa? Ki gaishe min da gimbiya."

Ranar da ya yi maganar aure, suna zaune a bakin tafki, kuka ta sa masa.

"Na san za a zo nan," ta ce. "Kakar Shalele ɗa ɗaya ta haifa, shi ne Allah Ya karɓa. Ta ce ranar da na yi aure in kai mata jikarta. Ba za ta yarda yarinyar ta tashi tana kiran wani uba ba, a manta da ɗanta."

Yaya ya je ya roƙi Kaka har sau biyu, ta ce magana ɗaya take yi. Auta ta rame, sannan ta rubuta abin da ya fi komai yi mata ciwo:

"Ina sonka, Allah ne shaida. Amma ba zan iya rabuwa da Shalele ba. Kada ka ƙara zuwa."

Ya amsa: "Da kin zaɓe ni kin bar ta, da ban so ki haka ba. Na ji, Autata."

Wata guda bai zo ba. Matar Yaya ce ta gaji da kallon fuskar Auta, ta lallaɓa Kaka ta biyo su fita, ta kuma kira Mai Hoto ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Aka ajiye wa Kaka kujera a inuwa, ta karɓi shayi fuska a ɗaure. Yaran Injiniya suna ta yi wa babansu ihu, "Abba, tura ni! Abba, ni ma!" Shalele ta tsaya tana kallonsu. Can ta ruga ta riƙe wandon Mai Hoto.

"Abba, ni ma tura ni."

Auta ta juya ta dubi Kaka. Kaka ta dire kofinta.

Ya durƙusa daidai tsawon yarinyar. "Shalele, ni Kawu ne. Abbanki ɗaya ne, kuma ga wadda ta haife shi can zaune. Je ki ce ta ba ki labarinsa, lilo ba zai gudu ba."

Yarinyar ta je ta haye cinyar Kaka. "Kaka, Abbana yana son lilo?"

"Har haƙori ya taɓa karyawa a kai," in ji Kaka, ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Ta daɗe rungume da jikarta kafin ta ɗago ta dubi Auta.

"Shekara biyu babu mai ambatonsa a gabana, wai kada in yi kuka. Sai wannan yaron." Ta share ido da gefen mayafi. "Yi aurenki, 'yata, ki tafi da 'yarki. Amma duk Asabar ɗin da za ku fita, a biyo a ɗauke ni."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da aka watse, Kaka ta kira ango, ta kama hannun Shalele ta sa a nasa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ɗana bai ga girmanta ba. Kai Allah Ya nuna maka aurenta."