Finjalin da Sulafa Ta Ajiye

"Wallahi ba zan yi takabar mai rai ba!"

Sulafa ce ta faɗi haka a bakin madafa, idonta a bushe. Mahaifiyarta ta damƙe hannunta.

"Rage murya, 'yar nan, zaure cike yake da dattawa..."

"Su ji, Umma! Ai domina suka zo."

An ɗaura aurenta da Nawras, malamin makarantar ƙauyenmu, amma ba a kai ga tarewa ba. Laifinsa guda ne: ya taya liman wankan gawar wani saurayi da jami'an tsaro suka dawo da ita, ya ga abin da aka yi wa jikin, ya kuma faɗa a bakin kabari cewa wannan ba ciwon zuciya ba ne. Kafin a tashi zaman makoki aka ɗauke shi daga aji. Ba tuhuma, ba kotu, ba labari, har shekara ta zagayo.

Sai Hazza, ɗan mai injin matsar zaitun, wanda ke shan shayi da jami'an, ya kawo labarin wai Nawras ya rasu a tsare. Bai kawo gawa ba, bai kawo shaida ba. Yau kuma ga shi ya biyo dattawa neman aurenta.

A nan yankinmu na Hauran, mai neman alfarma yakan ajiye finjalin gahawa a gabansa, ba ya sha sai an ce masa, "Sha, abin da ka nema ka samu." Barin finjalin mai roƙo ya huce kunya ce da ake gadar wa jikoki.

Finjalin Abu Fawwaz, jagoran dattawan, yana gabansa yana turiri. Baffan Sulafa, Dahham, wanda ya tsaya a matsayin mahaifinta marigayi, ya gyara murya zai amsa. Sai sallama ta katse shi.

Sulafa ta shigo lulluɓe. Ta ɗauki butar gahawa, ta zuba wa kanta, ta durƙusa a gaban Abu Fawwaz, ta ajiye finjalin a ƙasa.

"Sulafa! Kin haukace ne?" in ji Dahham. "Yaushe mace ta fara ajiye finjali?"

"Tun ranar da maza suka yi shiru, Baffa."

Ta juya ga Hazza.

"Kai mai labarin lahira, a wace maƙabarta aka sa shi? Ko kai ka ja sallar?"

"An... an faɗa mini ne."

"A kan shayi? Da sukari ko babu?"

Wani dattijo ya ɓoye dariyarsa cikin gefen alkyabba. Abu Fawwaz bai yi dariya ba.

"Me kike nema, 'yata?"

"Baba, kai ka yi shaidar aurena. Igiyar da aka ƙulla da sunan Allah, jita-jita ba ta kwance ta. Ina roƙo ku sa alkyabbunku ku raka ni ƙofar waɗanda suka ɗauke shi. In ya mutu su ba ni gawarsa, in yi takabata. In yana raye su ba ni mijina!"

"Za ki jawo mana wuta!" in ji Dahham.

"Wutar na cikin gida tuni, Baffa. Kowa ya rufe ɗakinsa ne kawai."

Finjali biyu na hucewa a gaban tsohon, kuma ɗaya kaɗai za a iya sha. Ya daɗe yana jan carbi. Ya tuna ranar da za a tambayi kowane bawa abin da ya gani ya kawar da kai. Sai ya ɗauki nasa finjalin ya kife shi a kan faranti.

"Astagfirullah... Na zo nema wa wani matar wani. Sha gahawarki, 'yata. Abin da kika nema kin samu."

Ta sha, hawayen da ta daɗe tana riƙewa suka zubo.

Daga ranar, kowace Juma'a bayan salla, dattawa kan jeru a ƙofar gidan jami'an, Sulafa a gaba riƙe da hoton Nawras. Aka yi musu barazana, aka tunkuɗe Abu Fawwaz har rawaninsa ya faɗi; ya ɗauka ya kaɗe ya koma sahu. Iyayen sauran tsararru suka fito da nasu hotunan. Wata lauya daga birni ta kai maganar inda ba a so ta kai. Har Dahham ya zo ya tsaya a ƙarshen sahu, kansa a ƙasa.

Da kakar zaitun, wata mota ta yar da wani mutum a bakin hanya ta wuce.

Nawras ne. Ya rame ƙwarai, yatsunsa da aka karya sun warke a karkace. Da aka kai shi gida aka bar shi da Sulafa su biyu, ya kasa dubanta.

"Sulafa... dubi abin da ya rage. Bari in sauwaƙe miki."

"Hasken idona, tambaya ɗaya gare ni. Ka yi nadamar abin da ka faɗa a bakin kabarin nan?"

Ya ɗago kai a hankali.

"Ko yau aka kawo wata gawar, zan faɗa."

"To ba su taɓa mijina ba!"

Ta zuba masa gahawa. Ya miƙa hannu, yatsun suka kasa riƙe finjalin. Ta tallafe shi da tafinta, ta kai masa baki.

"Sha, masoyina. Ka yi ƙarfi da wuri... Juma'a muna da tsayuwa, har yanzu akwai 'ya'yan mutane a tsare."