Ƙasar da Ta Ƙi Karɓar Yalwa

Dakta Namadi ne ya kashe ƙasar Tungar Rake, shi da kamfanin da ya ɗaure masa gindi, kuma ko a gaban wa za a maimaita wannan magana. Har yau injinsa bai daina aiki ba. Duk wanda ya kara kunnensa a ƙasa zai ji shi yana gurnani a ƙarƙashin gonaki, yana tura baƙin ruwa cikin jijiyoyinsa.

Ga yadda abin yake. Masana'antar da ke bakin gari tana matse rake, ta tsuma ruwan, ta dafa shi, ta fitar da man itanol da motocin sama suke sha. Abin da ke saura a gindin tukwanen baƙin ruwa ne mai tsami da gishiri, wanda da can rasa inda za a zubar da shi ake yi. Namadi ya dawo daga karatu ya ƙera na'urar da ya raɗa wa suna Shayarwa: siraran bututai a shimfiɗe ƙarƙashin ƙasa, da ƙwaƙwalwar lantarki mai auna yunwar kowace saiwa ta ɗiga mata baƙin ruwan a matsayin taki. Rake ya yi tsawo ya wuce soro, ya yi kaurin taɓarya. Aka yi ta tafi.

Iya Hansai ba ta yi tafin ba, ba ta kuma yi suka ba. Ita abin da ya dame ta daban. 'Yarta Yalwa, ita kaɗai Allah ya bar mata, ta rasu wajen haihuwa tun shekarar da aka kunna injin, jaririn ma bai zo da rai ba. Aka kai su maƙabartar da gonakin rake suka kewaye. Tun daga nan Hansai ta zama mai gajeriyar magana.

Shekaru suka shuɗe. Wata damina ruwa ya ci gefen maƙabarta, ya yaye wasu kaburbura. Maza suka je gyara. Da la'asar Jatau mai haƙan kabari ya yi sallama a ƙofar gidanta, ya tsuguna.

"Iya, na ga Yalwa."

"Ka ga me?"

"Likkafaninta ko zare bai tsinke ba. Da muka zo gyara mata kwanciya, hannunta kamar jiya aka sa ta. Ƙasa ba ta taɓa ta ba, Iya."

Kafin magariba gidan ya cika da mata. Kowa na cewa ai dama wadda ta rasu a kan gwiwa ta yi shahada, ga shi Allah ya nuna. Masu yi mata barka na yi, masu shafa kafaɗarta na yi. Hansai ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, kuma kukan daɗi ne. Ta jiƙa gero ta yi gumba ta rabar. A kwanakin nan har dariyarta maƙwabta suka ji.

Sai aka sake yin ruwa, ya yaye kabarin Baushe. Baushe da ya ƙare rayuwarsa yana satar awakin mutane, wanda ko sallar idi ba a taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba. Shi ma ga shi nan lafiya lau, har da tabon sandar da ya sha a kunne.

Mata suka daina zuwa. Hansai ta fita ta bi gefen gonaki tana kallon abin da idonta ya daɗe yana gani ba ta kula ba. Ganyen raken bara da na bara waccan a zube, ya ƙi ruɓewa. Kashin shanu ya bushe kamar faifai, babu buzuzu, babu gara. Ta tona ƙasa da ɗan yatsa, babu tana ko ɗaya. Sannan ta tuna rabon da ta ji ƙamshin nan da ƙasa ke yi ranar ruwan fari, wanda Yalwa tana da ciki take fita tsakar gida ta shaƙa har ta ce kamar ta ɗiba ta ci.

Ta sami Namadi a ɗakin gilashinsa, allunan haske sun kewaye shi.

"Iya, ina wuni."

"Ban wuni ba. Namadi ɗan Kulu, da kunun gidana aka yaye ka. Me ka ba ƙasa ta sha?"

Ya ja mata kujera, ta ƙi zama. Ya ce, "Iya, a cikin ƙasar da cokali zai ɗiba akwai halittu masu rai da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa. Bakteriya muke ce musu. Su ke cinye ganye da taki da duk abin da aka binne, su mayar da shi ƙasa. Ƙamshin ruwan fari ma nasu ne. Da farko baƙin ruwan ƙiba ya sa su, suka yi yawa har yauƙinsu ya toshe bututai. Sai aka ce a zuba magani a ruwan don bututai su buɗe. Maganin ya bi ƙasa, gishirin ya ƙarasa sauran."

"Aka ce. Wa ya ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shi injin naka mai wayo bai gaya maka ana mutuwa a ƙasa ba?"

"Tsawon rake da zaƙinsa kawai muka koya masa ya auna."

"To 'yata fa? Shahada ce ko gishiri?"

"Wannan Allah ne ya sani, Iya. Amma abin da Jatau ya gani, gishiri ne."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Sau biyu ke nan ana karɓe mata Yalwa.

Ganin ruwa na ta yaye kaburbura, kamfani ya sanar cewa zai kwashe maƙabartar ya mayar can bayan dutse, injinan tono za su yi aikin cikin tsafta. Hansai ta ce ba ƙarfen da zai ɗauki 'yarta kamar buhun taki. Ita dai ta san in madara ta ƙi barci, ɗan tsohon nono ake ɗiga mata ta kama. Ta hau motar sama, karonta na farko, ta je ƙauyen da aka haife ta inda bututai ba su kai ba, ta ciko ƙwarya da ƙasar gindin tsamiya, baƙa mai laima, tana na motsi a ciki. Duk hanya tana rungume da ita tana shaƙa.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa taka cikin maƙabarta ba. Ranar ta taka. Jatau ya nuna mata wurin ya kau da kai. Ta durƙusa ta cuɗa ƙasar da ta kabarin, ta yayyafa ruwan rijiya, tana cewa, "Ga ƙasar gidanmu na kawo miki, Yalwa. Ki huta haka nan."

Ta yi ta zuwa tana yayyafi har wata ya juya. Sannan ta aika aka kira Namadi ya zo da sandar awonsa, wadda kanta ke yin kore in akwai rai a ƙasa. Ya soka a hankali. Suka jira. Kan sandar ya yi ja. A gefen ƙafarta ga tanar da ta kawo, ta fito ta miƙe ta bushe, ta yi fari da gishiri.

"Sake sokawa."

Ya sake. Ja.

Yanzu injinan tono suna jere a bakin shinge, an kashe su, don tsohuwa na zaune a gefen kabari da ƙwarya a cinya ta ce sai dai a haɗa da ita. Motocin sama na wucewa ta kanta da man rake a cikinsu. Shayarwa na gurnani a ƙarƙashinta, don ba wanda ya ba da umarnin a tsayar da shi.

Hansai ba ta son ta'aziyya, an yi mata tun tuni. Wanda ya ce a zuba maganin nan yana da suna, yana da uwa, kuma shi ma ƙasar nan yake sa ran ta rufa masa asiri wata rana. Abin da take jira shi ne ya fito daga bayan "aka ce". Ya zo ya tsaya a kan kabarin Yalwa da ƙafafunsa, ya dubi Hansai, ya faɗa mata inda za ta kai 'yarta.