Kiran Shanu a Wayar Salma

Magariba ta kawo jiki a Madachi, Zuwaira tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya biyo baya. Sannan wayar 'yarta Salma, da ke kan turmi, ta saki kiran shanu ba tare da an taɓa ta ba. Salma ta zube ƙasa tana amsawa da muryar namiji.

Salma ce ta haɗa wa makiyaya manhajar da ke yin wannan kira in an tsinci ɓatacciyar saniya. Muryar wani dattijo ce ta naɗa a bakin tsohuwar rijiyar Rurum. Zuwaira ta yi ta tinƙaho da 'yarta har maƙwabta suka gaji. Yanzu kwana tara ke nan tana kallon hankalin yarinyar yana gushewa, tsoro ya hana ta cin abinci.

Aka ɗauko Malam Mukhtar daga Fammar. Ya daɗe yana karatu kafin muryar ta yarda ta yi magana. Ta ce shi aljani ne mai gadin rijiyar, tsohon alkawari ne duk wanda ya yi kiran nan sai ya amsa masa.

"Sau ɗaya ya kamata a kira ni, Malam. Sau dubu ake kirana a wuni. A gyara, in tafi."

Da Salma ta farfaɗo ta gane kuskurenta. Umarnin kiran ta sa a cikin sashen da ke zana fuskar waya, fuskar kuwa ko lamba ɗaya ta canza sai ta sake zana kanta, kiran ya sake tashi. Ta ware shi inda zai tashi sau ɗaya, ya mutu in an rufe shafin. Malam ya yi addu'a, duwatsu suka tsaya.

Zuwaira ta fara hamdala, sai Salma ta ce, "Inna, waya bakwai sun tafi kudu da masu su. Ba sabis a can, gyaran ba zai same su ba."

Malam ya sa takalmansa ya tafi. Washegari da magariba Zuwaira ta zauna riƙe da hannun 'yarta. Ba a gama kiran salla ba dutse ya faɗo kan kwano.