Kaset Daga Zariya

"Buɗe jakarki."

Rumasa'u ta tsaya cak a bakin ƙofar fita. Wata biyar ke nan tana koyon aiki a ɗakin binciken wani kamfanin kwamfuta a jihar Virginia, can ƙasar Turawa, Mista Alexander shugaban masu tsaro bai taɓa tare ta ba sai yau.

Ta zuge jakar. Ya zura hannu kamar wanda aka kwatanta masa wurin, ya zaro kaset.

Innalillahi!

Doka ce da aka karanta musu tun ranar farko, su ɗalibai goma sha biyu da aka ɗebo daga ƙasashe daban-daban a shekarar 1986: ba faifan kwamfuta, ba kaset da zai fita daga ginin. Wanda aka kama da sirrin kamfani, a ranar zai tattara nasa ya nasa.

"Wasiƙa ce daga gida," ta ce masa da Turanci. "Mahaifina ne."

'Yan yanzu ba za su gane ba. A wancan zamanin waya sai wane da wane, takarda kuwa ba ta ɗaukar murya. Iyaye kan zauna gaban rakoda su gaisa, su yi faɗa, su sa albarka, a ba matafiyi ya kawo. Wallahi har kukan zakaran gidanku za ka ji a ciki, ka yi ta hawaye kai kaɗai.

"To sai mun saurara," in ji Alexander. "Akwai mai jin yarenku a hawa na uku. Na aika a kira shi."

Ta runtse ido.

Mai jin Hausa a hawa na uku mutum ɗaya ne. Muntaka!

Muntaka ɗan Funtuwa, mai karatun digiri na uku, wanda kamfanin ya riga ya yi wa tayin aikin dindindin. Ranar da ta fara aiki ta danna abin da ya haɗiye mata aikin yini guda, ta kifa kai a tebur tana salati. Sai ta ji daga bayanta an ce, "Baiwar Allah, kwamfutar ba ta jin Larabci, matsa in gani." Tun daga ranar kullum tare suke cin abincin rana a ƙarƙashin wata bishiya, shi da dambun naman da yake ɓoyo kamar zinariya, ita da tsiwarta. Da ya ce aurenta zai yi, ta aika wa Baba kaset.

Amsa ta iso mako biyu da suka wuce. Ta saurara sau ɗaya, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, ta jefa a jaka don kada Sailuba, wadda suke ɗaki ɗaya a unguwar Annandale kuma suke koyon aikin tare, ta gani. Kullum ya tambaya sai ta ce, "Bai iso ba tukuna."

Ga Muntaka ya shigo ofishin masu tsaro da murmushinsa, alƙalami maƙale a kunne.

"Ruma, lafiya?"

Ta kasa ɗago kai.

Aka danna rakoda. Muryar Baba ta cika ɗakin, a nutse, da ɗan tarin nan nasa. Muntaka ya gyara zama kamar Baban na gabansa, ya fara fassarawa.

"Yana gaishe ta... ya ce damina ta yi kyau... mahaifiyarta ta warke daga ciwon ƙafa."

Sai Baba ya gyara murya.

"Batun yaron nan Muntaka. Na bincika, ba a ce min yana da wani aibi ba. Amma kin ce sun ba shi aiki a can. Rumasa'u, aro na ba ƙasar can ke, ban ba su kyauta ba. Ba zan aurar da ke inda sai dai in ji kukan jikokina a kaset ba. Ban yarda ba. Ki gama ki dawo."



"Me ya ce?" Alexander ya tambaya.

Muntaka ya zare alƙalamin daga kunnensa, ya ajiye a hankali. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ya ce wani ya nemi auren 'yarsa. Ya ce bai yarda ba."

"Wane ne mutumin?"

"Ni ne."

Kunya ta kama Baturen har wuyansa ya yi ja. Ya kashe rakodar, ya miƙa mata kaset ɗin yana ta ba da haƙuri, wai ƙawarta ce ta kawo rahoto da safe.

Ashe Sailuba ta daɗe da lalube jakar ta saurara! Ta san sarai wanda za a kira ya fassara. Dama tun zuwansu take kai wa Muntaka cincin a hawa na uku, wai ragowa ce ta yi mata yawa.

A wurin ajiye motoci Rumasa'u ta cim masa da gudu.

"Muntaka, don Allah ka tsaya..."

"Yaushe ya iso?"

"Mako biyu."

"Mako biyu!" Ya juyo. "Kullum ina tambayarki, kina kallon ƙwayar idona kina cewa bai zo ba?"

"Tsoro nake ji... tsoron in rasa ka."

"Shi ne kika bari na ji a gaban Bature? Da bakina na kori kaina, Ruma. Da bakina!"

Ya miƙo hannu. "Ba ni kaset ɗin."

Ta ba shi. Ya shiga tsohuwar motarsa mai tari kafin ta tashi, ya hau titin garin Woodbridge inda yake zaune, bai ko waiwayo ba.

Kwana huɗu ba ta gan shi a ƙarƙashin bishiya ba. Ta rame, ta fita hayyacinta. Sailuba kuwa har da sabon jan baki.

"Ni fa taimakonki na yi," ta ce tana gyara ɗankwali a madubi. "Ƙarya ba ta da kyau."

"Allah ya saka," kawai Rumasa'u ta ce, don ta san akwai gaskiya a cikin muguntar, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ranar Asabar da hantsi ta ji tarin motar nan a ƙofar gida. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

"Shigo," ya ce, bai kalle ta ba. Ya juya kaset ɗin, ya tura a rediyon motar.

Sai ga muryarsa a ɗaya gefen kaset ɗin.

"Assalamu alaikum Baba. Sunana Muntaka. Ka gafarce ni, na ji maganar da ba ni aka yi wa ba. Gaskiyarka ce Baba. Jiya na mayar musu da takardar aikinsu. Ina gamawa zan dawo in koyar a Zariya, in Allah ya yarda. Ba a kaset za ka ji kukan jikokinka ba, da kanka za ka ce a zo a ɗauke maka su sun ishe ka..."

Ta fashe da kuka.

"Shekara shida kana wahalar neman aikin nan!"

"Kwamfuta ce fa, Ruma tawa. Ko a Zariya ba ta jin Larabci, dole su neme ni."

Ta yi dariya cikin hawaye.

"Ka yafe min?"

"Da sharaɗi. Ko wuta ce ta zo a kaset, tare za mu saurara."

Anti Hannatu, wata nas 'yar Kafanchan da ke aiki a garin Largo, ita ta tafi da kaset ɗin lokacin da za ta je hutu gida. Mako bakwai cur suna jira. Da ta dawo, kaset ɗin nan dai ta miƙo musu, Baba ko sabo bai saya ba.

A motar suka saurara, tare. Ashe Baba a kan tsohuwar maganarsa ya ɗora sabuwa, ya shafe ta.

"Yaro, na ji ka. Wanda ya iya sauraron faɗan tsoho ya ba shi amsa da ladabi, ya isa riƙon mace. Turo magabatanka." Daga nesa aka jiyo guɗar Inna, da Baba yana cewa, "Ke, bari in kashe abin nan tukuna!"

Bayan shekara aka ɗaura aure a Zariya. Muntaka ya cika alkawari, 'ya'ya biyar suka ishi Baba har ya riƙa korar su da carbi.

Yau Baba ba ya nan, Inna ba ta nan. Muntaka ma shekara uku ke nan da kwanta dama. Rumasa'u ta tsufa, jikokinta na yi mata dariyar tsohuwar rakodar da ta hana a jefar. Ita dai ba ta kula su. Duk ranar da kewa ta taso mata, sai ta tura ƙofa, ta juya kaset ɗin, ta danna.

"Assalamu alaikum Baba. Sunana Muntaka..."

Ba ita ya yi wa sallamar ba, ta sani. Amma Baba ba ya nan, kuma sallama ba a barin ta a ƙasa.

"Wa alaikumus salam," takan ce a hankali. "Na ji ka, masoyina."